Tiyatar Rage Ƙiba a Amurka: Wa Zai Biya Idan Inshora Ta Janye Hannunta?

Duk ma'aikacin da yake da inshorar lafiya ta wurin aikinsa a Amurka, akwai wani kundi mai shafuka da yawa da ake ba shi, wanda ya fayyace abin da inshorar za ta biya da abin da ba za ta biya ba. Mutane ƙalilan ne suke karanta shi har ƙarshe. Can wajen ƙarshensa akwai sashen abubuwan da aka cire, an jera su ɗaya bayan ɗaya, irin su gyaran hanci don ado da dashen gashi. A cikin kundaye da dama, a wannan jerin ne ake samun wani layi da ke cewa inshorar ba ta biyan kuɗin kowace irin tiyata ta rage ƙiba, ko da likita ya tabbatar cewa majiyyaci yana bukatarta, kuma ba ta biyan jinyar duk wata matsala da ta taso sanadiyyar wannan tiyata. Rabin farko na layin shi ne yake ɗaga wa mutane hankali, domin ma'anarsa ita ce su nemo kusan dala dubu ashirin daga aljihunsu. A ganina rabi na biyu ya fi haɗari nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya yi niyyar biya da kansa, daga nan ya kamata lissafinsa ya tashi.

Ya kyautu a fara sanin irin ƙibar da ake magana a kanta, domin a wurinmu idan mutum ya yi jiki, sau da yawa ana ɗaukar hakan alamar hutu da kwanciyar hankali. Ƙibar da take kai mutum ɗakin tiyata wata aba ce dabam. Likitoci suna auna ta da ma'aunin BMI, wanda yake haɗa nauyin mutum da tsayinsa. Mai tsayin mita 1.7 yana kai maki 40 ne idan nauyinsa ya kai kusan kilo 116. A shekarar 1991 Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka suka fitar da ƙa'idar da aka daɗe ana bi, wato a yi wa wanda ya kai maki 40 tiyata, ko wanda ya kai 35 idan yana fama da wata cuta da ƙibar ta jawo, kamar ciwon suga, hawan jini, ko ɗaukewar numfashi a cikin barci. A 2022 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka da takwararta ta duniya suka sassauta ƙa'idar, suka ce maki 35 ya isa ko da babu wata cuta, har ma a duba waɗanda suke tsakanin 30 da 35 idan suna da irin su ciwon suga. Aikin da aka fi yi a yau shi ne a yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a cire, a bar wani siririn sashe kamar hannun riga. Na biye da shi shi ne a ware ɗan ƙaramin aljihu daga saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, ta yadda abinci zai tsallake mafi yawan tumbin. Duka biyun ta 'yan ƙananan huji a ciki ake yin su, kuma yawanci kwana ɗaya ko biyu majiyyaci yake yi a asibiti.

Hujjojin amfanin tiyatar ba ƙanana ba ne. Wani dogon bincike da aka fara a Suwidin a 1987 ya bi dubban masu ƙiba shekara da shekaru, kuma sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna cewa mutuwa ta ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata, idan aka gwada da waɗanda aka bar su a kan kulawar da aka saba. A asibitin Cleveland Clinic kuma, binciken da Dakta Philip Schauer ya jagoranta ya nuna cewa bayan shekara biyar, masu ciwon suga da aka yi wa tiyata sun fi waɗanda suka tsaya a kan magani kaɗai samun daidaituwar suga a jini. Haɗarin mutuwa sanadiyyar aikin a ƙwararrun cibiyoyi yana wajen mutum ɗaya cikin dubu, kusan daidai da na cire matsarmama. A 2013 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ayyana ƙiba a matsayin cuta. Duk da haka, a ƙasar da sama da kashi 40 cikin ɗari na manya suke da ƙiba, kuma kusan kashi 9 suke da matsananciyarta, waɗanda ake yi wa tiyatar a shekara ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na waɗanda suka cancanta ba. Tsoro yana cikin dalilan, amma kuɗi yana sahun gaba.

Abin da yake rikita mutane shi ne, Amurka ba ta da tsarin inshora guda ɗaya, sai tsare-tsare daban-daban, kowane da dokar da take tafiyar da shi. Medicare, inshorar gwamnatin tarayya ta tsofaffi da naƙasassu, tana biyan kuɗin tiyatar tun 2006 ga wanda ya kai maki 35, yake da wata cuta mai alaƙa da ƙibar, kuma ya gwada wasu hanyoyi bai dace ba. Medicaid, ta masu ƙaramin ƙarfi, ita ma tana biya a mafi yawan jihohi. Dokar lafiya ta 2010 da ake kira Obamacare ta bar wa kowace jiha ta zaɓi mizanin abin da dole inshorar ɗaiɗaikun mutane da ta ƙananan kamfanoni ta ƙunsa, sai kusan rabin jihohin suka sa tiyatar rage ƙiba a ciki, sauran suka bar ta a waje. Saboda haka mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, a jihohi biyu maƙwabtan juna, ɗaya za a biya masa, ɗaya kuma a ce ya nemi kuɗinsa.

Inda gizo yake saƙa shi ne wajen manyan kamfanoni. Fiye da rabin ma'aikatan da suke da inshora ta wurin aiki suna ƙarƙashin tsarin da kamfanin da suke yi wa aiki ne da kansa yake biyan kuɗin jinyarsu daga asusunsa. Sunan da yake jikin katin, ko Aetna ne, ko Cigna, ko Blue Cross, sunan ɗan kwangila ne kawai da aka ɗauka don ya riƙa duba takardu yana biyan asibitoci. Irin wannan tsari yana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA, wadda ta fitar da shi daga ikon dokokin inshora na jihohi. Ko da jiha ta wajabta biyan kuɗin tiyatar, wajabcin bai hau kan waɗannan kamfanoni ba. Mutane da yawa suna ɓata watanni suna jayayya da ma'aikatan kamfanin inshora a waya, alhali wanda ya sa hannu aka cire tiyatar yana cikin ginin da suke zuwa aiki kullum.

Me ya sa kamfani zai cire aikin da likitoci suka yarda yana tsawaita rai? Amsar tana cikin lokaci. Kuɗin tiyata yau ake biyansa gaba ɗaya, amfaninta kuwa, wato raguwar ciwon suga da ciwon zuciya da lalacewar ƙoda, a cikin shekara goma ko ashirin yake bayyana. Ma'aikacin Amurka ba ya daɗewa a wuri ɗaya. Bayan 'yan shekaru ya koma wani kamfanin, idan ya kai shekara 65 kuma ya koma Medicare. Don haka kamfani yana ganin shi zai yi shuka, wani ya zo ya girbe. Akwai kuma wani bincike da masana na Jami'ar Johns Hopkins suka buga a 2013, wanda ya bi kusan mutum dubu talatin da aka yi wa tiyatar har shekara shida, bai ga cewa kuɗin jinyarsu ya ragu ba idan aka gwada da waɗanda ba a yi wa ba. Masu cire tiyatar suna kafa hujja da irin wannan. Ni kuwa ina ganin tambayar ce tun farko ba a yi ta da adalci ba. Babu wanda yake sharɗanta cewa sai tiyatar zuciya ko wankin ƙoda ko sauya gwiwa sun mayar da kuɗinsu kafin a biya su. Ana biya ne domin suna magani. Kamfanin da ya ƙi biyan tiyatar tumbi shi ne zai biya kuɗin insulin, da na wankin ƙoda sau uku a mako, da na yanke ƙafa idan ciwon suga ya ci ƙarfinta. Abin da ya sa aka ware ƙiba aka ɗora mata wannan sharaɗi shi ne tsohon zaton nan cewa mai ƙiba shi ya jawo wa kansa, kuma da ya kame bakinsa da ya warke. Binciken likitoci ya daɗe da nuna cewa jikin da ya kai wannan mataki yana yaƙi da ragewar, yana ƙara yunwa yana rage ƙona abinci, shi ya sa mafi yawan masu matsananciyar ƙiba da suka rage nauyi ta hanyar tsarin abinci kaɗai suke mayar da shi.

Mataki na farko ga wanda aka ce ba za a biya masa ba shi ne ya gane wane irin ƙi aka yi masa, domin iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai inda tiyatar take cikin abubuwan da inshorar take biya, amma aka ce shi bai cika sharaɗi ba, ko takardunsa ba su kammala ba, ko ba a gamsu cewa ta zama dole a kansa ba. Wannan yana da hanyar ɗaukaka ƙara: doka ta ba shi kwana 180 ya nemi a sake duba hukuncin a cikin kamfanin, idan aka sake ƙi kuma ya kai ga masu duba na waje, waɗanda hukuncinsu yake hawa kan kamfanin dole. Ana samun nasara ta wannan hanya, musamman idan likitan tiyatar ya yi magana kai tsaye da likitan kamfanin. Akwai kuma inda aka cire tiyatar ɗungurungum daga cikin yarjejeniyar. A nan wasiƙar likita, komai ƙarfinta, da wuya ta yi tasiri, domin ba a musa cewa mutumin yana da ciwo ba, an dai ce ba a sayi wannan hidima ba tun farko, kuma masu duba na waje hukuncin likitanci suke dubawa, ba sa sake rubuta yarjejeniya. Shi ya sa bai kamata a tsaya ga abin da aka ji a waya ba. A nemi cikakken kundin a rubuce, wanda doka ta wajabta a bayar idan an nema, a karanta layin da ido, a kuma tambayi ofishin kula da ma'aikata ko kamfanin ne yake biya daga asusunsa ko kuwa sayen inshorar ya yi.

Idan kamfanin ne yake biya da kansa, to yana da ikon ƙara tiyatar a tsarin shekara mai zuwa, kuma wani lokaci yana iya yi wa mutum ɗaya rangwame na musamman. Idan sayen inshorar ya yi, sau da yawa akwai ƙarin sashe da ake sayarwa wanda ya ƙunshi tiyatar. Duka biyun suna bukatar ma'aikaci ya je ya buɗe sirrin lafiyarsa a gaban waɗanda suke biyansa albashi, abin da ba kowa ne zai iya ba, kuma ba laifi ba ne idan mutum ya ji nauyin hakan. Sauran hanyoyin duk na sauya inshora ne. Mai aure yana iya komawa inshorar mijinta ko ta matarsa a lokacin rajistar shekara, idan waccan tana biya. Wanda yake jihar da ta sa tiyatar a mizaninta yana iya sayen inshora a kasuwar Obamacare idan an buɗe rajista a watan Nuwamba, kuma tun 2014 ba a hana mutum inshora saboda ciwon da ya zo da shi. Sai dai idan wurin aikinsa yana ba da inshorar da doka ta ɗauka mai sauƙin kuɗi, ba zai sami tallafin gwamnati ba, shi zai biya kuɗin wata-wata gaba ɗaya. Ko da hakan, kuɗin shekara guda na inshorar haɗe da kason da majiyyaci yake biya yana iya gaza farashin tiyatar, ga kuma babban amfanin cewa idan matsala ta taso akwai mai ɗauka. Wasu ma aiki suke sauyawa takanas saboda wannan. Abin da hanyar take ci shi ne lokaci, domin bayan jiran rajista, inshorori da dama suna sharɗanta wata uku zuwa shida na tsarin abinci ƙarƙashin kulawar likita, sharaɗin da ƙungiyar likitocin fannin ta ce babu hujjar cewa yana inganta sakamako.

Wanda waɗannan ƙofofi suka rufe masa, ko lafiyarsa ba za ta jure jiran shekara ba, sai ya fuskanci farashi. Ƙungiyar likitocin ta daɗe tana ƙiyasta kuɗin tiyatar tsakanin dala 17,000 da 26,000, amma cibiyoyi da yawa suna da farashi na musamman ga mai biya da kansa, wanda yakan sauko ƙasa da haka, musamman a aikin yanke tumbi da kuma a jihohin da rayuwa take da sauƙi. Farashin asibiti a Amurka abin ciniki ne, kuma adadin da aka rubuta a takardar farko ba shi ne ake biya ba. Tun farkon 2021 doka ta wajabta wa asibitoci su bayyana farashinsu, har da na mai biya hannu da hannu. Tun farkon 2022 kuma, duk wanda zai biya da kansa yana da haƙƙin a ba shi ƙiyasi a rubuce kafin aiki, kuma idan takardar kuɗin da ta zo daga baya ta haura ƙiyasin da dala 400 ko fiye, yana da kwana 120 ya shigar da ƙorafi. Wajen karanta ƙiyasin ne ake bukatar natsuwa, domin a Amurka aiki ɗaya yana iya haifar da takardun kuɗi huɗu ko biyar: na likitan tiyata, na mai sa barci, na asibiti, na ɗakin gwaji, da na mai duba naman da aka cire. Sai a tambaya ko farashin ya haɗa su duka, ko ya haɗa gwaje-gwajen da ake yi kafin aiki da ganin likitan ƙwaƙwalwa da mai ba da shawarar abinci, kwana nawa na asibiti ya ƙunsa, kuma nawa ne kuɗin kowane kwana da ya ƙaru a kai.

A nan ne rabin layin nan na biyu, wanda ya cire jinyar matsalolin da suka taso sanadiyyar tiyata, yake shigowa. Mafi yawan mutane suna tashi lafiya su koma gida, amma akwai 'yan kaɗan da jini yake ɓalle musu, ko jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya wuce huhu, ko kuma ɗinkin tumbin ya yi yoyo, abin da yake ciki ya zuba a kogon ciki. Yoyon ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru yana iya kai mutum sashen kulawa ta musamman na makonni, da tiyata ta biyu ko ta uku, kuma kuɗin irin wannan jinya a Amurka yana iya haura dala dubu ɗari. Wata doka ta 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa na asibiti ya karɓi majiyyaci ya ceto ransa ko yana da kuɗi ko ba shi da shi, amma dokar ba ta yafe bashin ba. Takarda za ta biyo shi gida. Idan inshorarsa ta cire matsalolin da suka biyo bayan tiyatar, to mutumin da ya yi shekara biyu yana tara dala 15,000 yana iya farkawa da bashin da ya ninka wannan sau goma. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga cibiyar da za ta yi aikin ita ce: idan wani abu ya faru a cikin wata na farko ko wata uku na farko, wa zai biya? Wasu likitocin suna haɗa farashinsu da wata ƙaramar inshora ta musamman da take ɗaukar nauyin matsaloli na wani ƙayyadadden lokaci. Farashinsu yakan ɗan fi na wasu, kuma ina ganin wannan ƙarin shi ne kuɗin da ya fi kowane cancantar a biya a cikin harkar gaba ɗaya. A tabbatar kuma cewa cibiyar tana da shaidar ƙwarewa ta shirin MBSAQIP, wanda Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka take gudanarwa tare da ƙungiyar likitocin fannin.

Sai maganar inda kuɗin zai fito. Mafi sauƙinsa shi ne kuɗin da ba a cire wa haraji ba. Wanda yake da asusun ajiyar lafiya na HSA yana iya biya daga ciki, tunda hukumar haraji tana ɗaukar maganin ƙibar da likita ya tabbatar a matsayin jinya, kuma a 2024 an yarda mutum ɗaya ya zuba har dala 4,150 a shekara, iyali kuma 8,300. Asusun FSA na wurin aiki, wanda shi ma na ajiyar kuɗin jinya ne, ya fi ƙanƙanta, dala 3,200 a waccan shekarar, amma ana iya cire adadin shekarar gaba ɗaya tun watan farko. Rangwamen haraji kuwa, wanda ake yawan kwaɗaita wa mutane, bai kai yadda ake zato ba. Abin da ya haura kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗin shigar mutum ne kawai ake cirewa. Mai samun dala 60,000 a shekara da ya biya 18,000, za a zubar da 4,500 na farko, saura 13,500, alhali rangwamen da ake ba kowane mutum marar aure ba tare da ya kawo rasit ko ɗaya ba ya kai dala 14,600 a 2024, kuma ɗaya daga cikin rangwamen biyun kawai mutum yake zaɓa. Idan ba shi da wasu abubuwan da zai haɗa, kamar harajin jiha ko sadakar da ya bayar, to tiyatar ba ta rage masa ko sisi ba.

Bashi shi ne hanyar da mutane da yawa suke bi, kuma a nan ne ake yawan cutuwa. A teburin karɓar baƙi na cibiyoyi da yawa akwai takardar katin bashin jinya, irin su CareCredit, da alkawarin cewa babu kuɗin ruwa har wata goma sha biyu ko sha takwas. Gaskiyar ita ce kuɗin ruwan yana taruwa a gefe tun ranar farko, ana yafe shi ne kawai idan an biya bashin kaf kafin wa'adin ya cika. Mu ɗauki bashin dala 15,000 na wata 18 a kan ruwa kashi 30 cikin ɗari. Sai an riƙa biyan sama da dala 830 kowane wata kafin a gama a kan lokaci, kuma wanda ya biya kusan duka ya rage 'yan ɗaruruwa, za a ɗora masa ruwan watannin nan gaba ɗaya, wanda ya haura dala 3,000. A 2013 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka ta umarci kamfanin CareCredit ya mayar wa abokan hulɗarsa kuɗin da ya kai dala miliyan 34, saboda an sa mutane da yawa a tsarin ba tare da an fahimtar da su wannan sharaɗi ba. Wasu suna aro daga asusun fanshonsu na wurin aiki, inda doka ta yarda a ari rabin abin da aka tara har zuwa dala 50,000, a mayar cikin shekara biyar. Matsalar ita ce idan aiki ya ƙare kafin a gama biya, ragowar tana iya zama kuɗin da za a caji haraji da tara a kansa. Ga Hausawa da sauran Musulmi mazauna Amurka akwai ƙarin nauyi, domin da yawa ba za su karɓi bashi mai ruwa ba ko da sun cancanta. Abin da ya rage musu shi ne tarawa, da rancen 'yan'uwa, da adashi, da kuma roƙon cibiyar ta raba kuɗin kashi-kashi ba tare da ƙari ba, wanda wasu cibiyoyin suke yarda da shi idan an biya kaso mai tsoka tun farko.

Tsadar ce take tura Amurkawa da yawa ƙetare iyaka zuwa Meziko, musamman birnin Tijuana da yake dab da San Diego, inda ake yin aikin yanke tumbi a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na farashin Amurka, har da masauki da motar ɗauko majiyyaci. Ba daidai ba ne a yi wa likitocin can kuɗin goro, domin akwai ƙwararru a cikinsu da suka yi aikin sau dubbai. Amma a farkon 2019 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi gargaɗi bayan an sami majiyyata da suka dawo daga Tijuana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ba ta jin mafi yawan magungunan da ake da su, kuma yawancinsu tiyatar rage ƙiba aka yi musu. Ko da aikin ya yi kyau, yoyon ɗinki yakan bayyana ne bayan kwanaki, lokacin da mutum ya riga ya koma gida, likitansa yana wata ƙasa, likitocin garinsu kuma ba kowane ne yake son ɗaukar majiyyacin da wani ya yi wa aiki ba. Doguwar tafiya a jirgi ko a mota jim kaɗan bayan tiyata tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Wanda ya yanke shawarar tafiya, ya kamata kafin ya sayi tikiti ya sami likita a garinsu da ya yarda zai ci gaba da duba shi, kuma ya dawo da cikakken rahoton aikin a hannunsa.

Wasu za su ce sababbin allurai na rage ƙiba sun kawo ƙarshen wannan magana. Wegovy ta sami amincewar hukumar magunguna a 2021, Zepbound kuma a 2023, kuma suna rage nauyi ƙwarai. Sai dai sun fito kasuwa a kan sama da dala dubu ɗaya a wata, kuma idan aka daina su nauyin yakan dawo, ga shi tsare-tsaren inshora da yawa sun cire su su ma. A 2024 inshorar ma'aikatan jihar Karolina ta Arewa ta daina biyan kuɗinsu don rage ƙiba, saboda ta ce ba za ta iya ɗauka ba. A irin wancan farashi, kuɗin allura na shekara ɗaya da rabi ya kai kuɗin tiyata.

Lissafin bai ƙare a ranar sallama daga asibiti ba. Wanda aka rage wa tumbi, musamman wanda aka karkatar wa hanji, zai riƙa shan sinadaran bitamin har ƙarshen rayuwarsa, da suka haɗa da B12 da maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, kuma ana auna jininsa sau da dama a shekarar farko, daga baya sau ɗaya kowace shekara, domin ƙarancin waɗannan abubuwa yana iya lalata jijiyoyi ba tare da mutum ya ankara da wuri ba. Saurin zubewar nauyi yana jawo wa wasu tsakuwar matsarmama, wasu kuma ƙwannafi mai tsanani yana tilasta a sake yi musu aiki bayan shekaru. Fatar da take saura tana reto bayan an zubar da kilo hamsin, yawancin inshorori suna ɗaukar cire ta a matsayin ado, sai dai idan tana yawan yin gyambo. Kafin a sa ranar tiyata, yana da kyau a rubuta wa kamfanin inshorar a tambaye shi ko zai biya gwajin jini na shekara-shekara da jinyar irin waɗannan matsaloli ga wanda ya yi aikin da kuɗinsa, a kuma nace sai an ba da amsar a rubuce, domin tsare-tsare sun bambanta a kan wannan, har ma a cikin kamfanin inshora ɗaya.